Serengeti: Tarihin Dajin da Ciwon Bushiya Ya Sauya wa Kama

Serengeti fili ne mai faɗin gaske a arewacin Tanzaniya, wanda ya miƙe daga gindin tsaunukan Ngorongoro a kudu maso gabas har kusa da gaɓar Tafkin Biktoriya a yamma, sannan ya tsallaka iyakar Kenya ta arewa, inda ake kiran ɓangarensa Masai Mara. Gandun dajin da hukuma ta killace a tsakiyarsa ya kai murabba'in kilomita kusan 14,750, amma zagayen da dabbobinsa ke yi kowace shekara ya shafi ƙasar da ta kusa ninka wannan. Nan ne alƙiblar masu zuwa safari, wato yawon kallon namun daji daga cikin mota, domin a yini guda mutum kan iya ganin zaki da giwa da ɓauna da raƙumin dawa da garken jakin dawa da ido ba ya iya ƙidayawa. Akasarin baƙin kan koma gida da yaƙinin cewa sun ga wani yanki na duniya kamar yadda yake tun fil'azal, kafin hannun ɗan'adam ya taɓa shi. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba, domin kuwa yawan dabbobin da ake gani a yau, da itatuwan da suke fakewa a ƙarƙashinsu, har ma da rashin mutane a cikin gandun, duk abubuwa ne da suka samu tun daga ƙarshen ƙarni na 19, kuma babban abin da ya haddasa su wata cutar shanu ce da makiyayan ƙasar Hausa suka sani sarai.

Dabbar da rayuwar wannan daji ta rataya a kanta ita ce nyumbu, kamar yadda ake kiranta da Suwahili, wadda 'yar'uwar kanki da dari ce, mai launin toka-toka, da gemu a ƙarƙashin wuya, da ƙaho mai lanƙwasa irin na ɓauna, da kafaɗa mai tudu wadda ta fi ƙugunta tsawo. Yawanta a Serengeti ya kai kimanin miliyan 1.3, kuma tare da jakunan dawa kusan 200,000 da dubban ɗaruruwan barewa take bin ruwan sama, kamar yadda Fulanin ƙasarmu ke gangarawa kudu da rani su dawo arewa da damina. Daga Disamba zuwa Afrilu garken kan zauna a filayen kudu maso gabas, inda tokar duwatsu masu aman wuta ta haifar da ƙasa mai ƙarfi, ciyawarta gajera ce amma cike da sinadaran da uwa mai shayarwa ke bukata, kuma wani dandaɓe mai tauri da ke ƙarƙashin ƙasar ya hana saiwar itace kutsawa, shi ya sa filin yake fetal. A nan ne, akasari cikin watan Fabrairu, ake haihuwar maruƙa kusan rabin miliyan a tsakanin makonni uku kacal. Ɗan kan miƙe da ƙafarsa cikin 'yan mintoci da faɗowarsa, kuma yawansu a lokaci guda shi ne kariyarsu, tun da kuraye da zakoki ba za su iya cinye ko kaso kaɗan daga cikinsu ba. Idan ruwa ya ɗauke a watan Mayu sai su nufi yamma wajen kogin Grumeti, daga nan su karkata arewa su tsallaka kogin Mara tsakanin Yuli da Oktoba, inda kada ke jiransu, ko da yake nutsewa da turmutsitsi sun fi kada ɓarna: wani bincike da aka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa nyumbu fiye da 6,000 ne ke halaka a kogin kowace shekara, kuma gawarwakinsu ne ke ciyar da kifaye da ungulaye har tsawon watanni.

Mutane sun daɗe a wannan ƙasa fiye da yadda lissafi ke iya kamawa, domin a gefen filayen ne, a Laetoli, ayarin Mary Leakey ya tono sawun ƙafa a 1978 wanda masana suka ce ya kai shekaru miliyan 3.6. Abin da ya fi shafar wannan bayani shi ne ƙarni na 19, lokacin da makiyayan Masai suka mamaye tsaunukan Ngorongoro da filayen gabas bayan sun ture Datoga, alhali a yamma akwai al'ummomin Ikoma da Nata da Ishenyi da Ngoreme, waɗanda ke noman dawa da gero, suna kiwo, suna kuma farautar nyumbu idan garke ya biyo ta ƙasarsu. Masaniyar tarihi Jan Bender Shetler, wadda ta tattara labaran baka na waɗannan al'ummomi a littafin da ta fitar a 2007, ta nuna cewa a cikin abin da yanzu ake kira daji akwai kufai da kaburbura da rijiyoyi da wuraren tsafi da hanyoyin fatauci. Muhimmin aikin da mutanen suka riƙa yi, manoma da makiyaya baki ɗaya, shi ne ƙunar daji a kan lokaci da sassabe da kiwo, waɗanda suka hana sarƙaƙiya kafuwa, ita kuwa sarƙaƙiya ita ce gidan ƙudan tsando, wanda cizonsa ke sa wa shanu sammore, ya sa wa mutum ciwon barci. Muddin akwai jama'a da shanu da wuta, ƙudan na nan a takure a bakin rafuka.

Ciwon bushiya ya shigo wannan ɓangare na Afirka a 1887 ta tashar jiragen ruwa ta Massawa a Eritriya, a jikin shanun da sojojin Italiya suka shigo da su don ciyar da rundunarsu. Ƙwayar cutar dangin ta ƙyanda ce, tana kama dabbobi masu rababben kofato, kuma alamominta ba su ɓuya: zazzaɓi mai zafi, hawaye da majina, gyambo a baki da dasashi har dabba ta kasa cin ciyawa, sai gudawa mai tsanani wadda ke ƙarar da ita cikin mako guda ko biyu. Da yake shanun nahiyar ba su da garkuwa a kanta, sai ta riƙa kashe tara cikin goma na duk garken da ta shiga. Ta cinye Habasha, ta rabu biyu, reshe ɗaya ya bi Sudan zuwa yamma ya ratsa Borno da ƙasar Hausa, inda matafiyin Faransa Monteil ya tarar da ɓarnarta a tafiyar da ta kai shi Sakkwato da Kano a 1891, ɗaya reshen kuma ya gangara kudu, ya isa ƙasar Masai a tsakanin 1890 da 1891, ya kai ƙarshen nahiyar a kudu a 1897. Ba shanu kaɗai ta kama ba, ta kwashe ɓauna da nyumbu da raƙumin dawa da mugun dawa, har zakoki a wasu wurare suka rasa abin ci suka koma kan mutane.

Ga Masai, waɗanda madara da nama da jinin shanu su ne abincinsu, dukiyarsu, kuma sadakinsu, wannan halaka ce ta al'umma ɗungurungum, musamman da agana ta biyo baya a 1892, ga fari, ga kuma yaƙe-yaƙen cikin gida a kan ɗan abin da ya rage. Suna kiran wannan zamani Emutai. Oscar Baumann, ɗan ƙasar Ostiriya wanda ya sauka cikin kwarin Ngorongoro a watan Maris na 1892 sannan ya ratsa Serengeti, ya bar bayanin mutanen da yunwa ta mayar ƙashi da fata, suna bin ayarinsa suna tsintar fata da ƙashin duk abin da aka yanka. Waɗanda suka tsira sun watse, wasu suka fake a wajen manoma maƙwabta, wasu suka koma farauta, abin da a da suke ganin ƙasƙanci ne. Mutanen yamma su ma sun janye daga gonakinsu na nesa suka taru a bayan ganuwar duwatsu saboda hare-hare.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi tasiri a kan siffar ƙasar, kuma shi ne masana irin su John Ford da Helge Kjekshus suka yi dogon nazari a kansa a shekarun 1970. Da shanu suka ƙare, masu sassabe suka ragu, sai ƙaya da ƙananan itatuwa suka rufe makiyaya da saura, ƙudan tsando ya bazu cikinsu, namun daji kuwa, waɗanda sammore ba ya yi musu illa, suka fara farfaɗowa kafin shanu. Ta haka ƙudan ya zama mai gadin daji: duk inda ya kafu makiyayi ba ya iya komawa. Annobar ciwon barci da ta ɓarke a gaɓar Tafkin Biktoriya a farkon ƙarni na 20 ta ƙara ba hukumomin mulkin mallaka, Jamusawa da farko sannan Turawan Ingila bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, hujjar tattara jama'a a ƙauyuka na musamman nesa da dajin. Saboda haka Turawan da suka shigo Serengeti a wannan lokaci sun tarar da ƙasa ce wadda annoba ta share, suka ɗauka haka Allah ya halicce ta, kuma wannan kuskuren fahimta shi ne harsashin da aka ɗora dokokin gandun daji a kansa.

Waɗanda suka fara yayata sunan wurin maharba ne. Tafiyar farautar da tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya yi a gabashin Afirka daga 1909 zuwa 1910 ta mayar da safari abin yayi a wajen attajiran Turai da Amurka, kuma daga bakin irin waɗannan maharba ne aka samu jerin da ake kira manya biyar, wato zaki da damisa da giwa da ɓauna da karkanda, waɗanda aka ware su saboda haɗarin tunkararsu a ƙasa da bindiga, ba don girma ko kyan gani ba. Marubucin Amurka Stewart Edward White ya shiga arewacin Serengeti a 1913, ya kuma dawo a shekarun 1920 ya yi zango kusa da Seronera, inda shi da abokan tafiyarsa suka harbe zakoki kusan 50 cikin wata uku. Shigowar mota ta sauƙaƙa irin wannan kisa har ya zama abin kunya ga hukuma kanta, sai ta fara killace yankin Seronera a shekarun 1920 domin kare zakoki. Abin lura a dokokin farauta na wancan zamani shi ne, baƙon da ya sayi lasisi ya harbi zaki don nishaɗi ɗan wasa ne a idon doka, shi kuwa ɗan Ikoma da ya ɗana tarko ko ya harba kibiya don ciyar da iyalinsa a ƙasar kakanninsa sannu a hankali ya zama ɓarawon daji.

Yarjejeniyar da ƙasashen mulkin mallaka suka ƙulla a Landan a 1933 ta kawo tsarin gandun ƙasa, wato yankin da ake killacewa dindindin don namun daji, kuma a 1951 Serengeti ya samu wannan matsayi a aikace, haɗe da tsaunukan Ngorongoro. Da farko an ce Masai za su ci gaba da zama a ciki, amma hane-hanen kiwo da na ƙuna da na noma suka jawo rikici, har gwamnati ta kafa kwamitin bincike a 1957. A 1958 wasu dattawan Masai suka sa hannu a takardar barin filayen Serengeti, a kan alkawarin za a ba su ruwa da makiyaya a Ngorongoro, inda aka ce muradinsu zai sha gaban na namun daji idan an samu saɓani. A 1959 aka raba ƙasar biyu: gandun Serengeti ba mazauni ko ɗaya, tare da ƙarin wani yanki a arewa har iyakar Kenya, sai Ngorongoro mai murabba'in kilomita kusan 8,300 inda mutane da dabbobi za su zauna tare.

A tsakiyar wannan muhawara ne Bernhard Grzimek, shugaban gidan namun daji na Frankfurt a Jamus, ya iso tare da ɗansa Michael cikin wani ƙaramin jirgin sama da suka yi wa fenti da zanen jakin dawa, suna son ƙidaya dabbobin daga sama su kuma gano hanyar da suke bi, domin su nuna cewa sabuwar iyakar ta bar wuraren haihuwar garken a waje. Sun ƙidaya dabbobi kimanin 367,000, nyumbun cikinsu bai kai 100,000 ba, adadin da daga baya aka gane ya gaza gaskiya. Michael ya rasu ranar 10 ga Janairu 1959 yana ɗan shekara 24, lokacin da jirginsa ya yi karo da wata ungulu, aka binne shi a bakin kwarin Ngorongoro. Fim ɗin da suka shirya, mai kiran kada a bar Serengeti ya mutu, ya ci lambar Oscar a 1960, ya jawo kuɗi da masu bincike da 'yan yawon buɗe ido, kuma babu mai musun cewa ya taimaka wajen ceton garken. Sai dai shi ne kuma ya dasa wa duniya hoton daji marar mutane, domin Grzimek ya fito fili ya ce gandu na gaskiya bai kamata kowa ya zauna a cikinsa ba, ko da 'yan ƙasa ne. Gwamnatin Julius Nyerere, wadda ta karɓi mulki a Disamban 1961, ta gaji wannan tsari ta kuma faɗaɗa shi.

Abin da Grzimek da mutanen zamaninsa ba su sani ba shi ne, garken da suke ƙoƙarin ƙidayawa garke ne marar lafiya. Bushiya ba ta bar yankin ba bayan babbar annobar, ta zauna tana zagayowa kusan kowace shekara tana kwashe 'yan maruƙan nyumbu da zarar garkuwar da suka sha a nonon uwa ta ƙare. An daɗe ana zaton namun daji ne matattarar cutar, su ke shafa wa shanu, har aka yi ta harbe su a wasu ƙasashe a kan wannan zato. A shekarun 1950 likitocin dabbobi suka fara yi wa shanun da ke kewaye da gandun huji, wato allurar rigakafi, sannan Walter Plowright, Bature ɗan Ingila da ke aiki a cibiyar bincike ta Muguga a Kenya, ya samar da allura mai araha wadda sau ɗaya ake yin ta ta kare dabba har ƙarshen rayuwarta. Ba wanda ya yi wa nyumbu ko ɗaya allura, amma gwajin jini ya nuna cewa waɗanda aka haifa daga wajen 1963 ba su taɓa haɗuwa da cutar ba. Ashe shanu ne ke riƙe da ita, da aka toshe ta a jikinsu sai ta mutu a daji don kanta.

Sakamakon ya ba kowa mamaki. Nyumbu, wanda a 1961 yake wajen 250,000, ya haura miliyan 1.4 a 1977, ɓauna ta ninka fiye da sau biyu, shi kuwa jakin dawa, wanda kofatonsa ba rababbe ba ne kuma bushiya ba ta kama shi, ya tsaya inda yake. Wannan bambanci ne ya tabbatar wa Anthony Sinclair, masanin da ya fara aiki a Serengeti a 1965 ya kuma shafe rabin ƙarni yana bin lissafin, cewa gushewar cutar ce sanadi. An samu masu ba da shawarar a rage garken da bindiga kafin ya cinye ƙasar, kamar yadda ake yi a gandun dajin kudancin Afirka, amma aka bar shi, kuma ya daidaita da kansa a wajen miliyan 1.3, abincin rani ne ya zama linzaminsa. Daga nan sauyin ya bi sauran halittu ɗaya bayan ɗaya. Baki miliyan da ɗoriya ya riƙa cinye ciyawar da a da take bushewa ta zama makamashin gobara, sai ƙasar da wuta ke ci kowace shekara ta ragu ƙwarai, 'ya'yan itatuwan ƙaya da wuta ke kashewa suka samu damar girma, itatuwa suka dawo, raƙumin dawa da tsuntsaye suka samu abinci da mafaka, zakoki da kuraye suka ƙaru. Ita kanta tsallakawar kogin Mara, wadda yanzu ita ce tambarin safari a duk wata talla, ta kankama ne daga ƙarshen shekarun 1960, lokacin da garken ya yi yawan da dole ya nemi ciyawar rani can cikin Kenya.

Giwa da karkanda nasu tarihin ya bi wata hanya dabam, domin su kasuwa ce ke juya su. Cinikin haure na ƙarni na 19 ya kawar da giwaye daga Serengeti har tsawon shekaru masu yawa, sai a shekarun 1950 aka fara ganin dawowarsu. A 1977 Tanzaniya ta rufe iyakarta da Kenya yayin da Ƙungiyar Gabashin Afirka ke rushewa, kuma da yake ta Nairobi mafi yawan baƙi ke shigowa, kuɗin shiga ya karye, masu gadin daji suka rasa man mota da kayan aiki a daidai lokacin da farashin haure da ƙahon karkanda ke tashi. Cikin 'yan shekaru baƙin karkanda, wanda ake lissafa shi da ɗaruruwa, ya kusa ƙarewa, in ban da 'yan ƙalilan a duwatsun Moru da cikin kwarin Ngorongoro, giwaye kuma suka faɗo daga sama da 2,000 zuwa ƙasa da 500 a 1986, wasu an kashe su, wasu sun gudu Mara. Hana cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989 ya ba giwa damar farfaɗowa, amma har yau karkanda ne mafi wuyar gani a cikin manya biyar. Zakoki ma sun ɗanɗana irin abin da ya sami nyumbu, domin a 1994 wata cuta da ta samo asali daga karnukan ƙauyukan da ke kewaye ta kashe kusan 1,000 daga cikin kimanin 3,000, kuma a nan ma allurar dabbobin gida aka koma wa.

Yaƙin kawar da bushiya daga nahiyar an fara shi ne a 1962 a yankin Tafkin Chadi, tsakanin Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, kuma sakacin da aka yi bayan nasarar farko shi ya ba cutar damar dawowa a farkon shekarun 1980, lokacin da ta yi wa makiyayan arewacin Najeriya mummunar ɓarna. An ga ƙarshenta a jikin ɓauna a gandun Meru na Kenya a 2001, kuma a 2011 aka shelanta cewa ta gushe daga duniya, ita ce cuta ta biyu da aka taɓa kawarwa bayan agana.

Maganar ƙasa kuwa ba ta mutu ba. Alkawarin 1958 ya fara zaizayewa tun a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da aka fitar da Masai daga cikin kwarin Ngorongoro aka kuma hana noma a yankin gaba ɗaya. Jama'ar da ke zaune a can, waɗanda ba su wuce 8,000 ba a 1959, yanzu sun kai wajen 100,000, kuma gwamnati na kafa hujja da wannan adadi wajen cewa zaman tare ya gagara, yayin da mazauna ke cewa an tsuke musu makiyaya da ruwa da asibiti da makaranta ne don su gaji su tashi, alhali otal-otal da motocin baƙi na ƙaruwa. A 2014 Kotun Gabashin Afirka ta hana shimfiɗa titin kwalta da aka so ratsawa da shi ta arewacin gandun, abin da masu kare garken suka yi murna da shi. A watan Yunin 2022 kuma hukuma ta kafa turakun iyaka a Loliondo, gabas da gandun, ta ware murabba'in kilomita 1,500 daga makiyayar rani ta Masai, a yankin da wani kamfanin farauta mai alaƙa da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ke da izinin harbi tun 1992. An yi arangama, ɗan sanda ɗaya ya mutu, mutane da dama suka jikkata, wasu suka tsallaka Kenya. A cikin wannan shekarar ce aka fara kwashe iyalai daga Ngorongoro zuwa ƙauyen Msomera da ke lardin Tanga, tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa gabas.